Abokiyar aikina baturiya ta ce ita bamagujiya ce, za ta je tarben rana

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, amma sai na fara da labari, ku yi haƙuri da tsawonsa. Wasunku sun san ina aikin jinya a wani asibiti a kudu maso yammacin Ingila. Akwai wata baturiya da muke sashe ɗaya, ta girme ni nesa ba kusa ba, ta ma kusa ritaya. Shekarar da Babbar Sallah ta faɗo tsakiyar watan Yuni sunana ya fito a jadawalin aikin ranar. Ban ko roƙe ta ba, ita da kanta ta ce in je in yi idi da yarana, za ta riƙe mini. Sai ta ce amma fa ramuwa za a yi, in riƙe mata daren 20 ga wata, don ita ma tata sallar ke nan. Na ce wace salla kuma a Yuni, Kirsimeti ai da saura. Ta yi dariya ta ce ita ba Kirista ba ce, ita fegan ce, wato kamar a ce bamagujiyar Turawa. Wai za su kwana a tsaye a wajen wasu tsofaffin manyan duwatsu da aka kafa a kudancin Ingila, ana ce musu Sitonhenj, su jira fitowar rana wajen ƙarfe biyar saura na asuba, saboda ita ce rana mafi tsawo a shekara.

Ni dai na riƙe mata, ban yi dogon tunani ba. Bana ga shi ta sake tambaya ta. Abu biyu nake son sani. Mene ne ainihin abin da mutanen nan suka yi imani da shi? Sannan riƙe matan da nake yi, akwai laifi?

Abu Sadik:
Wa alaikumus salam. A'uzu billahi. Hajiya ai babu wani bincike a nan, bautar rana ce, shirka ce tsagwaronta. Allah ya ce kada ku yi sujada ga rana ko wata, ku yi sujada ga wanda ya halicce su, yana nan cikin Fussilat. Kuma kin san ayar Ma'ida, kada ku taimaki juna a kan saɓo. Ki ba ta uzuri kawai ki ce ba ki da hali.

Hauwa Ƴar Gaya:
Tabɗijam. Su da suka zo mana da mishan suna ce wa kakanninmu arna, yau su ne a gindin dutse? Ikon Allah sai kallo.

Mai Zaure:
Jama'a a yi a hankali. An yi tambaya ne don a sani, wanda ya san wani abu ya faɗa, banda zagi. Malam Habibu, wannan fagenka ne.

Malam Habibu:
Na'am, ga ni. Abu na farko da ya kamata a gane, abin nan sabo ne. Masu yinsa suna son a ji kamar tun kaka da kakanni ake yi ba a taɓa dainawa ba, amma tarihi bai goyi bayan haka ba. Turai ta zama ta Kirista kusan gaba ɗayanta tun da daɗewa. Aislan ta karɓi Kiristanci a wajen shekara ta 1000, Lituweniya ce ta zo kusan ƙarshe a 1387. Tsakanin wancan lokaci da yau ƙarnuka ne, an rushe wuraren bautar, waɗanda suka san yadda ake yi sun mutu ba su bar magaji ba.

Reshen da ya fi suna, wanda suke kira Wika, wani mutum ne ya fito da shi, Gerald Gardner. Tsohon ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka ne a Malaya, ya yi ritaya ya dawo gida, ya ce wai a 1939 wasu mutane a wani daji da ke kudancin Ingila sun shigar da shi wani tsohon addini na ɓoye. A 1951 aka soke dokar hana maita ta 1735, a 1954 ya fito fili ya rubuta abin. Ya dogara ne da ra'ayin wata masaniya, Margaret Murray, wadda tun 1921 ta ce mutanen da aka riƙa kashewa a Turai da sunan mayu mabiya tsohon addini ne. Daga baya masana suka bi takardun shari'o'in suka ga ba haka ba ne. Dubban mutanen da aka rataye ko aka ƙona yawancinsu talakawan Kiristoci ne da maƙwabta suka yi wa ƙazafi. Ronald Hutton na jami'ar Biristol ya bi diddigin Wika ya nuna haɗe-haɗe ne, an ɗebo daga ƙungiyoyin asiri, daga waƙoƙin marubuta, daga tatsuniyoyin ƙauye.

Su kuma duwatsun da abokiyar aikinki za ta je, an kafa su kusan shekara 4,500 zuwa 5,000 da suka wuce, tun kafin a san da malaman gargajiyar da ake kira Duruwid. Wanda ya kafa su bai bar rubutu ba. Abin da kowa ya yarda da shi kawai, an jera su ne daidai da mafitar rana a tsakiyar bazararsu da mafaɗarta a tsakiyar hunturu.

Abu Sadik:
To ka gani. Ƙirƙira ce ma ashe. Shirkar ma ta jabu.

Malam Habibu:
Abin da zai ba ka mamaki, Malam Abu Sadik, da yawansu yanzu sun san haka kuma bai dame su ba. Sai su ce maka kowane abu akwai ranar da aka fara shi.

Zainab Oslo:
Bari in sa baki, ni ina karatu a Nowe, kuma na yi wata uku a Aislan kan wani aikin bincike da bai shafi addini ba ko kaɗan. Can nasu daban ne da Wika, suna kiransa Asatiru, su allolin tsofaffin mutanen arewa suke ambata, Odin da Thor da Fireya. Wani makiyayin tumaki mai waƙa, Sveinbjörn Beinteinsson, shi da abokansa suka kafa ƙungiyar a 1972, gwamnati ta amince da ita a 1973. Yanzu sun haura mutum 5,000 a ƙasar da duka-duka ba ta kai 400,000 ba. Suna ɗaura aure, suna raɗin suna, suna jana'iza, kuma duka hukuma ta amince.

Amma ga inda kaina ya ɗaure. Matar da na zauna a gidanta tana cikinsu. Wata rana muna wanke-wanke na tambaye ta, ke yanzu kin yarda akwai wani mutum mai guduma a sama da ke kawo tsawa? Ta kalle ni kamar na yi tambayar yara. Ta ce a'a mana, ta yi karatun kimiyya, ta san abin da ke kawo tsawa. Thor a wurinta suna ne na ƙarfin da ke cikin hadari da teku, da ƙarfin halin da mutum ke buƙata ya rayu a ƙasa irin tasu. Na ce to me ya sa kike zuwa taron? Ta ce saboda a can ake ɗaga ƙaho a sha a ambaci sunan mahaifinta da ya rasu a teku, kowa ya amsa. Ta ce akwai waɗanda suka yarda allolin suna nan da ransu, suna zama kusa da ita a taro ɗaya, ba wanda ke tambayar wani.

Hauwa Ƴar Gaya:
To wannan addini ne ko wasan kwaikwayo? Ka kira sunan abin da ka san babu shi?

Zainab Oslo:
Anti Hauwa tambayar da na yi ta yi wa kaina ke nan. Mu an gina mu ne a kan kalma, ka furta shahada ka gaskata a zuci, daga nan komai ya biyo. Su abin a juye yake. Aikin ne a gaba, kunna wutar, zuba abin shan, taruwa a ranar da ta dace. Abin da ke zuciyarka naka ne.

Abu Sadik:
Wato kowa ya zama annabin kansa. Ai wannan shi ne bin son zuciya da Alƙur'ani ya faɗa, wanda ya riƙi son ransa abin bautarsa.

Bashir Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni abin da ya ba ni dariya, ana ta zancen Turai kamar mu ba mu san abin ba. Mu nan Nijar anna ba labari ba ne. Har gobe a Birnin Ƙonni ana yin arwa kowace shekara a duba yadda damina za ta kasance, kuma manyan gari na zuwa. A Lugu, ƙasar Dogon Dutsi, sarautar Sarauniya tana nan, gadon wadda ta tsaya wa sojojin Faransa a 1899. Ka je kokowar takobi ka ga abin da 'yan kokowa ke ɗaurawa a damtse da abin da ake binnewa a fili. Waɗannan ba daga littafi suka karanto ba.

Kuma Malam Habibu ka gyara mini in na yi kuskure, an ce ita kalmar fegan ɗin asalinta baƙauye take nufi.

Malam Habibu:
Haka ne Malam Bashir. Daga Latin take, paganus, mutumin karkara. Birane suka riga karɓar Kiristanci, ƙauyuka suka daɗe a kan na da, sai sunan ya zama zagi. Ka ga kusan tafiyar da kalmar arne ta yi a bakin mutanen birni ke nan. Bambancin, su yanzu sun ɗauki sunan zagin sun rataya a wuya da kansu.

Yakubu Ɗan Bature:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, amma wannan magana ta taɓa gidanmu. Ni Kirista ne, mahaifina ne ya fara shiga coci, kakana kuwa bamaguje ne har ya mutu, a wani ƙauye a kudancin Katsina. Ina da wayo sosai lokacin da yake yin abubuwansa, don haka ba ji na yi ba.

Akwai tsamiya a bayan gidanmu. Kafin a yi shuka, da sassafe, zai kama jan zakara ya je gindinta, mu yara muna leƙe daga bayan danga. Zai tsuguna ya yi magana ƙasa-ƙasa kamar mai ba wa babba haƙuri, ya yanka, jinin ya zuba a kan saiwa, ya tsiyaya giya kaɗan daga ƙwarya. Ba rawa, ba kiɗa, ba farin kaya, minti biyar an gama. Kuma wallahi ban taɓa ganin alamar daɗi a fuskarsa ba in yana yi. Tsoro ne da nauyi. In bai yi ba aka samu fari ko yaro ya kwanta, shi za a kalla. Zakaran nan kuwa ba daga yalwa ya fito ba, wata shekarar shi kaɗai ne a gidan.

Abu na biyu, kakana bai taɓa musun Allah ba. Kullum Allah na bakinsa, Allah ya kai mu, Allah ya kiyaye. Abin da yake cewa, Allah ya yi nisa, iskoki ne a kusa, su ake lallashi. Don haka in aka ce wa baturiyar nan bamagujiya, ni sai in ga ba a yi wa kakana adalci ba, ita ma ba a yi mata ba. Shi bai zaɓa ba, a ciki ya buɗe ido. Ita kuwa ta zauna ne ta duba ta zaɓa, ranar da ta gaji za ta ajiye ba abin da zai same ta.

Hauwa Ƴar Gaya:
Yakubu ka faɗi gaskiya. Sai an ƙoshi ake irin wannan. Wanda ke jiran ruwan sama ya ci tuwo ba ya zuwa kallon rana don nishaɗi.

Zainab Oslo:
Anti ban yarda gaba ɗaya ba. Akwai yunwar da ba ta tuwo ba. Ki zo nan a Disamba ki gani, tsoho ya mutu a ɗaki sai wari ya sanar da maƙwabta. Coci-coci sun zama wuraren shan shayi. Mutum ya tashi ba dangi, ba unguwa, ba ranar da za a taru. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ai ya fi wutar zafi.

Malam Habibu:
Alƙaluma suna bayan Zainab. A ƙidayar Ingila da Wels ta 2021, karon farko Kiristoci suka gaza rabi, kashi 46 cikin ɗari, waɗanda suka ce ba su da addini kuma kashi 37. Masu kiran kansu fegan sun tashi daga 57,000 a 2011 zuwa 74,000, ban da 'yan Wika 13,000 da aka ƙirga daban. Kada a zuzuta, Musulmi a ƙidayar nan sun kusa miliyan 4. Amma gurbin da coci ya bari ne suke tsirowa a ciki.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai. Jiya mun yi aikin dare tare, da sashen ya yi shiru wajen ƙarfe uku muka zauna shan shayi, sai na yi ta maza na tambaye ta kai tsaye. Bari in kawo muku yadda ta faɗa gwargwadon abin da na riƙe.

Na ce kuna da littafi? Ta ce babu. Annabi? Babu. Na ce to Shaiɗan kuke bauta wa, don haka ake faɗa. Nan ne kawai na ga ranta ya ɓaci. Ta ce Shaiɗan na masu coci ne, ita ba ta ma yarda akwai shi ba, balle ta bauta masa. Na ce ranar fa, ita ce ubangijinki? Ta yi shiru tukuna, ta ce ba ta ɗauki rana a matsayin wani mai jin roƙo ba, amma duk abin da ta taɓa ci daga gare ta ya fito, don haka sau ɗaya a shekara ta tashi ta tarbe ta bai yi yawa ba. A wurinta wai tsarki ba a sama yake ba, yana cikin ƙasa da ruwa da itatuwa da jikin mutum, kuma abin bauta in akwai shi mace ne da namiji, ba namiji kaɗai ba. Ta ce wannan ne ma ya fara fitar da ita daga coci tana budurwa.

Bukukuwansu takwas ne a shekara, kusan kowane mako shida, suna bin juyin rana da lokutan shuka da girbi. Wanda ta fi ba wa muhimmanci ba na Yunin ba ne, na daren 31 ga Oktoba ne, na tunawa da matattu. Ta nuna mini hoto a wayarta. Tagar kicin ce, an ɗora kyandir, ɗan kwano da ruwa, wani farin dutse da ta tsinto a bakin teku, da hoton mahaifiyarta. A daren takan dafa miyar da uwar ke so, ta ajiye faranti ɗaya a gaban kujerar da ba kowa, ta ci nata a shiru, da safe ta kai na uwar gindin tuffa a bayan gida.

Na ce bayan mutuwa fa, ina za ki? Ta ce wasunsu sun yarda ana sake dawowa, wasu sun ce akwai wurin hutu, ita dai tana ganin za ta koma ƙasa ta zama abincin itace kuma hakan ya ishe ta. Babu hisabi, babu wuta. Na ce to me zai hana ki zalunci? Ta ce ƙa'idar da ta riƙe ɗaya ce, yi abin da kike so matuƙar ba ki cutar da kowa ba, kuma 'yan Wika na cewa abin da ka aika zai dawo maka ninki uku.

Ni dai na ce mata a wurina wanda ya yi ranar ya fi cancanta a tashi dominsa da asuba, kuma mu kullum muke tashi ba sau ɗaya a shekara ba. Ta ce ta sani, tana ganina ina shimfiɗa darduma a ɗakin ajiyar kaya, kuma tana sha'awar hakan. Ba ta ce in zo nasu ba. Ta ce su ba sa kiran kowa.

Abu Sadik:
Hajiya kin ga irin abin da nake gudu. Da daɗin baki ake farawa. Cutarwa kuma wa zai fayyace ta in babu shari'a? Mai cin riba zai ce bai cuci kowa ba, mazinaci zai ce da yardar juna ne.

Zainab Oslo:
Wannan tambayar taka ta ƙarshe mai ƙarfi ce Malam, kuma su ma tana cinsu. Tunda babu mai cewa wannan ne daidai, akwai ɓangaren masu bin allolin arewa, musamman a Amurka, da suka ce addinin na farar fata ne zalla, jini ne ke ba ka shiga. Masu wariyar launi sun ɗauki alamominsu suna yawo da su. Su 'yan Aislan sun barranta da su a fili, har saƙonnin zagi suke samu daga waje saboda haka. Amma ba su da wata hujja da za su buɗe su ce ga aya, kun saɓa. Ni baƙar fata ce mai ɗankwali, in na ga mutum da 'yar guduma a wuya a jirgin ƙasa sai na karanci fuskarsa tukuna kafin in san ko in zauna kusa da shi.

Bashir Maraɗi:
Tambaya. Su 'yan Wikan da ke kiran kansu mayu, kurwa suke kamawa?

Malam Habibu:
A'a, fassara ce ta ruɗa mu. Maye a wurinmu mai ƙanƙara ne a ciki, mai lashe kurwa. Abin da suke yi ya fi kusa da tsibbu ko ɗan ƙaramin bokanci, kyandir, ganyaye, ƙulla zare, karanta wasu kalmomi da niyyar samun aiki ko lafiya. Kuma ba su da abin da ya kai bori tsari. Bori fa yana da girka, yana da sanannun iskoki kowanne da kiɗansa da kayansa da dabbarsa, Sarkin Rafi, Ɗan Galadima, Inna, har da garinsu Jangare. Ɗan bori na gaske zai ga nasu kamar wasan 'yar tsana.

Hukumominsu dai sun karɓe su. A Amurka sai da matar wani soja da aka kashe a Afganistan ta kai ƙara, a 2007 aka yarda a sa tauraronsu mai tsini biyar a kan kabarin soja. A Ingila wata ƙungiyar Duruwid ta samu rajistar ƙungiyar addini a 2010.

Ustaz Nura:
Assalamu alaikum. An yi ta kirana a waya in leƙo. Game da aƙida babu ja, abin da matar nan take kai ba tauhidi ba ne, kuma Malam Abu Sadik bai yi kuskure ba da ya kira shi da sunansa. Ku koma Suratul An'am ku ga Annabi Ibrahim, ya ga tauraro, ya ga wata, ya ga rana ya ce wannan ya fi girma, da ta faɗi ya ce ni ba ruwana da abin da kuke tarayya da shi. Hanyar da ya bi ya wuce, ita a nan ta yada zango. A cikin surar dai aka hana mu zagin abin da suke kira, don kada su zagi Allah da jahilci.

Game da aiki kuwa, a fahimtata, Hajiya ba kai ta wurin dutse za ki yi ba, ba kuɗin mota za ki ba ta ba. Marasa lafiya za ki duba a daren, aikin da ake biyanki a kansa, a madadin ranar idin da ta sama miki. Hutunta haƙƙinta ne a wurin aiki, ko ke ko wani sai an riƙe. Ayar Mumtahana ta ce Allah bai hana ku kyautata wa waɗanda ba su yaƙe ku ba, ku yi musu adalci. Ni ban ga laifi ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya bari, amma to kada ya karɓi nata alherin ranar Sallah. Allah ne mafi sani.

Abu Sadik:
Allah ya gafarta Malam, na ji, amma ni ina nan a kan bakana. Tunda ta faɗa da bakinta abin da za ta je yi, sanin ya canza hukuncin. Da ba ta faɗa ba da sauƙi.

Ustaz Nura:
To ai sai a ce gaskiyar da ta faɗa ce ta ja mata. Da ta yi ƙarya ta ce biki za ta, ka yarda a riƙe mata?

Abu Sadik:
Zan duba in dawo.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri Ustaz. Wani abu da ban faɗa ba, ni kaina sai da na zo ƙasar nan na san rana abar kewa ce. A Kano gudunta muke yi. Nan a Disamba wajen ƙarfe huɗu an yi magariba, ka shiga aiki da duhu ka fito da duhu, Azahar da La'asar da Magariba duk a cikin awa huɗu. Hunturuna na farko kuka nake yi ba dalili, sai da likita ya rubuta mini ƙwayar bitamin. Ban ce na yarda da abin da take yi ba, Allah ya tsare, amma na daina mamakin yadda aka yi mutanen wannan ƙasa suka kafa duwatsu suna lissafin ranar da haske zai fara dawowa.

Yakubu, na ba ta labarin kakanka da tsamiya, ban faɗi sunanka ba. Ta yi shiru ta ce ita ba za ta iya yanka ko kaza ba, nama ma ba ta ci. Sai ta ce in tambaye ka, itaciyar tana nan?

Yakubu Ɗan Bature:
Ki ce mata babu. Bayan rasuwarsa shekara da shekaru ba wanda ya yarda ya taɓa ta, Kiristocin gidan da Musulmin gidan duka, ko reshe ba a karya, 'ya'yanta ma sai dai su zube awaki su ci. Sai wani ƙanen babana ya sayar wa masu gawayi. Mutanen garin suka ƙi sara, daga wani gari aka kawo masu injin. Kututturen yana nan, mata na shanya kuɓewa a kai.

Maman Ilham:
Zan faɗa mata gobe in Allah ya kai mu. Jadawali ya fito, an riga an sa sunana a daren 20 ga wata. Malam Abu Sadik, in ka duba ɗin ka dawo kafin lokacin, ina jira.